Kyamara Mai Ladabi: Tafiyarmu Ɗorawar Sambo

Ungogo, kafin asuba

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na tashi, ba don ƙwazo ba, don dai ban yi barcin kirki ba. Kyamarar makaranta ce ta kwana a ɗakina. Ranar da Malam Kabiru, wanda ke koya mana ɗaukar hoto mai motsi, ya miƙo mana ita, cewa ya yi duk wanda ya fasa ta ya fara neman mai sayen gonar gidansu. Saboda haka na kwantar da ita a katifa, na lulluɓe ta da zane, ni kuma na kwana a tabarma.

Ba mu daɗe da fara karatun fim ba. Aikin farko da Malam ya ba mu ba shi da tsawo: mu ɗauko minti ɗaya cur, hoto a tsaye cak babu girgiza, da sautin wurin, kuma kada wanda ya kalli kyamara. 'Yan ajinmu wasu suka zaɓi bakin titi, wasu kasuwa. Ni kuwa na dage sai ƙauyen mahaifiyata, Ɗorawar Sambo, can gaba da Bagwai ta hanyar Shanono.

Ina da dalilina. Shekara uku ke nan ciwon ƙafa ya zaunar da Umma. Gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa, sallah ma a kujera take yi, ballantana hawa babur zuwa ƙauye. Damina uku ba ta sa ido a gonar mahaifinta ba, kuma duk lokacin da hadari ya haɗo sai ta yi maganarta. Sai na yi mata alkawari, da cika baki irin na sabon ɗalibi, cewa zan kawo mata gonar nan har ɗaki. Minti ɗayan Malam shi ne minti ɗayan Umma.

Da na shiga yi mata sallama na same ta a kujerar sallarta tana lazimi. Ta dube ni, ta dubi jakar.

"Ki gaishe mini da kowa da kowa. Kuma Hindatu, kada ki je ki nuna musu ke 'yar birni ce. Babba ya zo, ki kai gwiwa ƙasa."

"Umma, aiki fa za mu yi."

"Aikin ne zai hana ki tarbiyya?"

Na ce a'a, na ɗauki kaya na fito. Da na san abin da wannan umarni zai jawo mana, da na tsaya mun ƙara tattaunawa.

Tasha

A bakin titi na tarar da abokan tafiyata. Akwai Bashir, wanda ya naɗa kansa darakta ba tare da an yi zaɓe ba, ya kuma sayo wata hula mai kama da fanke ya karkata ta gefe guda. Akwai Nafisa, mai kula da sauti, haihuwar birni girman birni, wadda duk duniya ba abin da take tsoro kamar kaza. Kayanmu kuwa ga kyamara, ga makirfo mai dogon sanda sanye da rigar gashi, ga wani faifai mai ƙyalli na haska fuska, ga kuma ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai don kada ta motsa.

Adaidaita sahu ta kai mu tasha, mai ƙafa uku ta leƙo waje ta gefe guda tana gaisawa da masu babura. A tasha ɗan kamasho ya ce a sa ta a but tare da buhunan taki. Bashir ya ce sam, kayan gwamnati ba ya kwana da taki.

"To sai ku biya mata kujera," in ji ɗan kamasho. "Ai mutum ce. Ta ma fi ku ƙafa."

Muka biya. Ita ta samu bakin taga, mu uku muka matsu a gefenta kamar kifin gwangwani.

Shingen hanya, gaba da Dawanau

Gari ya fara haske muka iso shingen jami'an tsaro. Wani jami'i mai gashin baki ya leƙo, idonsa ya faɗa kan doguwar baƙar jaka zaune a bakin taga, ya ce direba ya gangara gefe. Muka fito, muka kwance kaya a kan bonet. Bashir ya shiga bayani da Turancin da ya haddace jiya da daddare, jami'in ya ɗaga masa hannu.

"Idan kyamara ce, a ɗauke ni in gani."

Na saɓa ta a kafaɗa, na danna inda Malam ya nuna. Allon ya nuna baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, baƙi. Bashir ya ce batir ne, Nafisa ta ce katin ajiyar hoto ne, ni kuwa na fara lissafin gonar gidanmu, na tuna ba mu da ita. Fasinjoji suka fara tsaki, jami'in ya fara murza gashin baki. Bashir ya fizgi kyamarar ya girgiza ta kamar mai jin ko da kwakwa da ruwa, sai ga murfin idonta ya faɗo ƙasa, ya gangara ƙarƙashin mota.

Hoto ya fito tar. Jami'in ya gyara hula, ya haɗe ƙafa, ya haɗe rai, ya tsaya ƙiƙam har na gaji na sauke. Sannan ya tambaye mu a wace tasha za a nuna, don ya gaya wa iyalinsa.

Bichi zuwa Bagwai

A Bichi muka sauka muka karya da waina da miyar taushe a wajen wata mata mai rumfa kusa da tasha. Wainar ta yi daɗi ƙwarai, kuma a nan na koyi murza zoben da ke sa hoto ya fito sarai. Da hancin Bashir na yi gwaji. Idan hancin ya fito, mai waina ta dushe. Idan mai waina ta fito, hancin ya zama kamar curin fura. Na fi son na biyun.

Daga nan wata ƙaramar mota ta ɗauke mu zuwa Bagwai. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, ko'ina kore shar. Nafisa ta manna fuska a gilashi tana tambayar yaushe za mu shiga daji. Na ce mata a ƙasarmu babu daji. Gona na jingine da gona, kafin ka bar bayan wani gida ka hango dangar wani, kuma duk inda ka ga 'yar hanya to akwai mai tahowa a kanta. A lokacin da alfahari na faɗa.

A Bagwai muka hau babura uku. Mun yi nisa sai muka tarar ruwan shekaranjiya ya mayar da hanyar taɓo, masu babura suka ce iyakarsu ke nan. Allah ya kawo wani mai amalanken shanu da zai wuce ta ƙauyen, ya ɗebe mu. Haka daraktanmu ya shiga Ɗorawar Sambo zaune a kan damin ciyawa, rungume da mai ƙafa uku, hular fanke na rawa a kansa.

Ɗorawar Sambo, ranar Alhamis

Ashe Umma ta kira yayanta, Kawu Sule, a waya. Shi kuma bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya sanar a masallaci bayan sallar asuba cewa 'yar Dije za ta zo da talabijin. Dije shi ne sunan da suke kiran Umma da shi a can. Da muka iso ƙofar gida sai muka tarar kamar ranar Sallah: maza da manyan riguna, mata da sababbin atamfofi, yara an shafe su da mai suna ƙyalli. Kawu Sule da kansa ya tarbe mu cikin farar babbar riga mai aiki, da fartanya rataye a kafaɗa.

"Kawu, ai noma za mu ɗauka," na ce bayan mun gaisa.

"Na sani mana. Ba ga fartanyar ba?"

Matarsa Inna Talatu ta kawo mana fura da nono mai sanyi, muka sha muka yi azahar, sannan muka baje kaya a tsakar gida don mu haɗa. Bashir ya ware ƙafafun mai ƙafa uku da ƙasaita, yara suka ja da baya. Na ɗora kyamara a kai, ta zame. Na sake ɗorawa, ta sake zamewa. Sai Nafisa ta ce, a hankali, "Wai ina ɗan ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu da Malam ya ce ana ɗaurawa a gindinta?"

Muka dubi juna. Dukkanmu mun tuna shi. Dukkanmu mun gan shi a kan teburin Malam, kuma kowa ya zaci ɗan'uwansa ya ɗauka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba shi, mai ƙafa uku ba ta da wani amfani, ita da muka biya wa kujera ta sha iskar taga tun daga Kano. Inna Talatu ce kaɗai ta ji daɗi. Ta ɗora ƙwaryar nononta a kai, ta ce nan dai kaji ba za su kai ba. Faifan haska fuska kuwa, kafin mu waiga ta shanya kuɓewa a kansa.

Bashir ya yanke hukunci: a kafaɗata kyamara za ta zauna, in riƙe numfashi, in tsaya kamar turke.

Gonar kakana tana bayan gari kaɗan, da babbar ɗorawa a tsakiyarta, kuma 'yar hanyar da ke zuwa rijiya da ƙauyen gaba ta gefenta ta bi. Na tsaya a bakin hanyar, na saita Kawu da ɗorawar. Bashir ya ɗaga hannu ya ce, "Akshin!"

Kawu ya jefar da fartanya, ya miƙe, ya haɗe hannuwa a ƙirji, ya zuba wa kyamara ido ko ƙiftawa babu.

"Kat! Baba, noma za ka yi, ka manta da mu."

"Yaro, ta yaya zan manta da baƙi?"

Da ƙyar aka shawo kansa ya duƙa. Sara ɗaya, hannun riga ya zubo, ya tsaya ya naɗe shi. Sara biyu, ɗayan ya zubo. Duk da haka hoto ya fara zama, ina jin daɗi a raina, sai na ji kofaton jaki a bayana.

"Salamu alaikum. Kai, wannan ba 'yar Dije ba ce?"

Baba Ɗanlami ne, ƙanin kakana. Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Gwiwoyina da kansu suka tafi ƙasa, kyamara a kafaɗata ta bi su. Ɗorawa ta fice ta sama, Kawu ya fice, hoto ya sauka kan kofaton jaki da silifas ɗin Baba Ɗanlami.

"Kat! Kat! Hindatu, me kike yi?"

Ina zan iya amsa wa Bashir, ana tambayata gajiya? Na ɗago kai ina amsawa, kyamara ta ɗago tare da ni, Baba Ɗanlami ya sunkuyo daga kan jaki yana magana da fuskata, wadda ke bayan gilashin. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi jikin Dije, ya ce a ce mata yana yi mata sannu, ya sake tambayar gajiya. Ban kashe ba, don ban ga yadda zan tsaya lalubar maɓalli babba na yi mini magana ba.

Muka sake. Wannan karon matar liman ce da tulu. Na durƙusa. Muka sake, sai ga wanzamin garin a kan keke. Na durƙusa. Bashir ya roƙe ni, ya yi mini wa'azi, ya ce a duniyar fim mai kyamara ba ta da dangi. Na yi masa alkawari, na ƙudurta a raina, na dafe gwiwa. Sai a ce "'yar Dije," in ji ni a ƙasa. Abin da aka sa wa mutum tun yana rarrafe, ba hular fanke ce za ta cire shi da yamma ɗaya ba.

Nafisa ma tana can da nata. Ta toshe kunnuwa da abin sauraro, makirfo kuwa na jawo magana daga nesa. Wasu mata biyu na gaisawa a can bakin rijiya, sai ga Nafisa ta ɗaga murya iya ƙarfinta: "Lafiya lau! Alhamdu lillahi!" Kawu ya firgita har ya sare gero. Ba a jima ba ta sauke sandan ƙasa don ta ɗauki ƙarar fartanya, wata kaza mai 'ya'ya ta ga abu mai gashi na rarrafowa, ta ɗauka muzuru ne. Ta baza fukafukai ta yo kansa. Nafisa ta yar da sanda ta ranta a na kare, waya na biye da ita, makirfo na biye da waya, kaza na biye da makirfo.

Daga nan Bashir ya ce shi zai tare hanya. Ya je can gaba ya tsaya. Wani dattijo ya taho, ya buɗe baki zai yi sallama, sai darakta ya ɗora yatsa a leɓe ya ce masa, "Shhh."

Ni dai ban taɓa ganin gari ya yi tsit irin na wannan lokaci ba. Dattijon mai unguwa ne. Ya dubi Bashir daga hula har takalmi, ya juya ya ce, "Sule, wannan ɗan waye?" Kawu ya tattaro riga ya taho da gudu yana ba da haƙuri. Ƙarshenta sai da Bashir ya tuɓe hular fanke, ya tsuguna a cikin kunya, ya gaida mai unguwa tun daga kwana har zuwa damina. Wannan ma na ɗauka, kuma hannuna bai girgiza ba ko kaɗan.

Bayan magariba, muna cin tuwon dawa da miyar kuka, kyamara ta nuna kati ya kusa cika. Bashir ya ce a goge duk ɓatattun. Muka shiga cikin saitinta, muka tarar da kalmomi barkatai, muka kuma tuna Malam ya ce akwai ɗaya a ciki da idan aka danna ta, komai ya tafi har abada. Wacce ce? Ba wanda ya tuna. Bashir ya miƙo yatsa ya janye. Na miƙa na janye. Muka bar su, ba don muna so ba, don dai tsoro.

Na kwanta raina a jagule. Na yi wa Umma alkawarin gona, ga shi abin da na tara mata ƙafafun mutane ne da kofaton jaki.

Juma'a da safe

Muka yi sammako, da fatan mu riga masu gaisuwa. Allah ya taimake mu da zafi: tun hantsi bai yi ba gumi ya ishi Kawu, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen ɗorawa, ya saura da 'yar shara. Da ya ji iska sai ya manta da mu da gaske. Ya duƙa yana cirar ciyawa a gindin gyaɗa yana ɗan waƙe-waƙensa, rana ta ratso ganyen ɗorawa, gero na kaɗawa. Na saita, na danna, na riƙe numfashi. Bashir na gefena da agogon waya, yana ƙirgawa da leɓe. Rabin minti ya wuce ba kowa. Arba'in. Hamsin.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan hanya.

Goggo Ladi ce, ƙanwar kakana, wadda ta goyi Umma bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta tsufa tukuf, ta rankwafa, an ce ta daɗe ba ta wuce ƙofar gida ba. Jiya ba mu same ta ba tana barci, yau ga ta ta tako har gona da ƙafarta. Bashir ya haɗa hannuwa yana roƙona da ido. Daƙiƙa goma kacal suka rage.

"Ina 'yar Dijen take?"

Na tafi ƙasa. Ba irin na jiya ba, wannan karon gwiwa biyu na kai har cikin rairayi. Bashir ya cire hula ya maka ta da ƙasa.

Goggo ta matso har sai da ƙafafunta suka cika hoton, busassu, da tsohon lalle a farce. Ta dafa kaina, rabin hannun a kan ɗankwalina rabi a kan kyamara, ta sunkuyo ta leƙa cikin gilashin.

"Dije, kin ƙi zuwa. An ce ƙafa ce. To ni ma ƙafar ce, ga ni na zo."

Na ce, "Goggo, Hindatu ce fa."

"Na sani, ja'ira, ban makance ba. Ba an ce abin nan yana kai saƙo ba? Da uwarki nake, ki yi mini shiru."

Na gyara riƙon kyamara. Ta gaya wa gilashin cewa ɗorawa ta yi 'ya'ya bana, ta dafa daddawa ta ajiye mata. Ta ce rufin ɗakinta ya daina yoyo. Ta lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu. Sannan ta ce, "Kada ki sa wa ranki damuwar zuwa, Dije. Ni na sauke miki. Allah ya yi miki albarka." Ta juya da sandarta ta kama hanya. Kafaɗata ta yi tsami, amma ban tashi ba sai da ƙarar sandar ta ɓace.

Minti ɗayan Malam kuwa, a ƙarshe mun same shi, kuma ba da wata dabara ba. Da rana ta yi tsaka maza duk suka tafi masallacin Juma'a, har da darakta. Mata suka shige gida. Ni da Nafisa muka mirgino turmin Inna Talatu har bakin gona, muka kifa shi, muka ɗora kyamara a kai muka tallafe ta da duwatsu. Ba Kawu, ba jaki, ba kaza. Ɗorawa, gero, kukan kurciya. Minti ɗaya cur, ko motsi. Da Bashir ya dawo ya gani har da ɗan tsallensa, ya kakkaɓe hula ya mayar.

Hanyar dawowa

Bayan an sauko daga masallaci muka yi sallama, domin da safe, duk da Asabar ce, muna da aji kuma za a mayar da kayan makaranta. Inna Talatu ta sauke ƙwaryarta daga mai ƙafa uku da alamar ba ta so, ta juye kuɓewa daga faifai, ta ce idan makaranta ta gaji da su tana so. Aka haɗa mu da ƙullin daddawar Goggo, da dafaffiyar gyaɗa, da zakara ɗaya jajir daga Kawu. Hannuna na riƙe da kyamara, na Bashir da mai ƙafa uku, saboda haka zakara ya faɗa hannun Nafisa. Daga Ɗorawar Sambo har Bagwai addu'a take yi a bayyane.

Taɓon ya ɗan bushe, babura suka shigo har ƙofar gida. A Bagwai muka samu mota kai tsaye zuwa Kano, wannan karon mai ƙafa uku a but ta zauna, ba wanda ya yi mata kara. Ruwa ya tare mu a Bichi, gilashin motar ɗaya ba ya rufuwa, na naɗe kyamara cikin hijabina na bar kaina ya jiƙe. A shingen hanya mai gashin bakin nan ya gane mu, ya leƙo ya ce iyalinsa sun kwana gaban talabijin jiya ba su gan shi ba. Bashir ya ce ana kan tacewa.

Gida

Ana kiran magariba na shiga gida. Bayan mun yi sallah na jona kyamara da talabijin ɗin falo, da taimakon Allah da gwajin wayoyi uku, na juyo da kujerar Umma. Na nemo minti ɗayan nan mai tsabta na kunna, na koma gefe ina jiran yabo.

Umma ta zuba ido. Ɗorawa, gero, kurciya. Hoto ya tsaya.

"Ya ƙare?"

"Ya ƙare, Umma. Kin ga ko girgiza babu."

"Ina mutanen? Rasuwa aka yi?"

"Sun tafi masallaci ne."

Ta ɗan yi murmushi don kada in ji kunya. "Ya yi kyau. Gero ne dai, Hindatu. Gero ai ko a bayan gidan nan akwai shi."

 Duk wahalar nan, ga abin da na kawo mata. Na miƙa hannu zan kashe, na danna wani wuri daban, kamar yadda na saba. Sai ga kofaton jaki ya cika talabijin, hoto ya yi sama, fuskar Baba Ɗanlami ta sunkuyo cikin falonmu.

"Yaya jikin Dijen?"

"Da sauƙi, Baba," in ji Umma, tun kafin in motsa. "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Umma, wannan ɓatacce ne, bari in cire."

"Cire hannunki. Ana gaishe ni."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Matar liman ta yi mata sannu, ta amsa, har ta tambaye ta yara. Wanzami ya gaishe ta, ta amsa ta ce ya tsufa. Ta ga Kawu na faɗa da hannun riga ta yi dariya har da tari, ta ga kaza ta kora Nafisa ta ce a maimaita. Duk sanda hoto ya nutse ƙasa sai ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla."

Da aka zo kan ƙarar sanda, ta gane ta tun kafin a ga mai ita. Ta jawo mayafi ta rufe kai. Hoto ya sauka a hankali har cikin rairayi, ƙafafun Goggo suka cika allon, Umma ta dafa gwiwoyinta biyu da suka ƙi lanƙwasuwa, ta sunkuyar da kai iya inda wuyanta ya kai. Haka ta zauna a sunkuye har Goggo ta gama, har ta ce ta sauke mata, har ƙarar sandar ta ɓace. Hawaye na bin fuskarta, ni ma na kasa riƙe nawa.

"Shekara uku ban kai gwiwa ƙasa ba," ta ce. "Na ɗauka ni da in ga Goggo daga nan ƙasa sai dai a lahira. Yau kin durƙusa mini."

Washegari muka mayar da kaya. Malam Kabiru ya yaba minti ɗayan turmi, ya ce ga hoto mai natsuwa, ya kuma ɗago ɗan ƙarfen nan daga kan teburinsa ya nuna wa aji ba tare da ya ambaci suna ba. Ni dai ban bar ofishinsa ba sai da ya koya mini yadda ake kwafe abin da ke cikin kati, kafin ya danna kalmar nan mai share komai.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mu da kayan mutane. Na gode wa Kawu Sule da babbar rigarsa, da Inna Talatu da ta ara mana turmi, da Nafisa da ta riƙo zakara, da Bashir da bai san inda ake gogewa ba. Su Baba Ɗanlami kuwa ba sai na aika musu ba, suna shan gaisuwa kullum. Kowace safiya, idan Umma ta idar da lazimi a kujerarta, sai ta gyara mayafi ta ƙwala mini kira.

"Hindatu, zo ki kunna mini Goggo. Ban gaishe ta ba yau."